Zuma a Zangon Kwatano

Tun kafin Faransa ta ci Dahomey a 1894, fataken Hausa ke ratsa Nikki da Jugu zuwa Gwanja neman goro. Daga masaukinsu sunan Zango ya samo asali, har ya kai Kwatano, daura da Gbégamey, inda ake sayar da zumar arewa a kwalabe.

Magabata ba sa ɗiban zuma daga amya sai ƙudan ya toshe saƙar da kaki, alamar ta nuna. Sukan tace ta, su rufe a busasshen mazubi. Ka'idar Codex ta gaskata su: ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100, domin in ya yi yawa takan yi tsami. Damshin bakin teku na ƙara wannan haɗari, don haka a guji jiƙaƙƙen cokali. Idan ta daskare ba jabu ba ce; a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, kada a tafasa.

Al'ada ɗaya ce ya wajaba a bari: lasa wa jariri. Tun 1976 likitoci suka gano cutar botulizim ta jarirai, kuma zuma na iya ɗaukar ƙwayarta. A jira yaro ya cika shekara. Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi.