Bindigar da kamfani 10 sunka ƙera

Kun san bindigar maharba. Maƙeri guda ke ƙera ta. In kunamarta ta karye, sai a koma wurinshi, don ta wata bindiga ba ta shiga. Yau ga labarin wata bindiga ta Amurka, mai suna M1 karabin.

Cikin shekara ta 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojan Amurka sunka nemi bindiga marar nauyi. Kamfanin Winchester ya kawo samfurinta. Nauyinta bai kai kilo 3 ba. Tana ɗaukar harsashi 15. In an harba ɗaya, ƙarfin hayaƙin albarushi ke fidda kwanko, wani harsashi ya hau da kanshi.

Kamfani guda bai iya biyan bukata ba. Sai anka raba aikin ga kamfani 10. Underwood keken rubutu yake ƙerawa. Rock-Ola kuwa akwatin kiɗa. Amma duka awo guda anka ba su. Daga 1942 zuwa 1945 sun ƙera fiye da miliyan 6. Ƙarfen wannan kamfani yana zama daidai cikin bindigar wancan.

Bayan yaƙi, anka tara su ma'aikatun soja. Anka kwance su, anka sake abin saiti da makullin kunama, anka sa wurin ɗaura wuƙa. Shi ya sa yau da wuya ka ga wadda kayanta duka na asali ne. Sojan Faransa ma sun riƙe ta a yaƙin Indoshin da na Aljeriya, inda ƴan Nijar da dama sunka yi soja.

An daina ƙera ta soja tun 1945, amma masu gyara na samun kayanta cikin ragowar na soja. Sai dai akwai tarko. Daga baya kamfanin Universal ya ƙera mai kama da ita, kuma ya sake awon waɗansu ƙarafa. Waɗansu kayan soja ba su shiga cikinta. Kama da wane ba wane ba ne. Ƙarfen da bai zauna daidai ba yana iya raunata mai harbi.

To, ɗan'uwa, ranar da za ka sayi garmar shanu ko injin ban-ruwa, tambayi mai saidawa: in ya lalace, ina za a samu kayan gyaranshi?