Lafinta, Ɗoɗɗoya da Tarihin Kayan Ƙamshi a Ƙasar Hausa

Bahaushe ya san lafinta a kwalba tun kafin ya ji labarin cewa tsiro ce. Kalmar ta shigo Hausa daga Ingilishi, ta hannun kantunan Turawa irin su John Holt da U.A.C., waɗanda suka bazu a garuruwan Arewa bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911. Ita kuwa shukar, mai shuɗin fure, ƙasarta ita ce gaɓar Bahar Rum, musamman kudancin Faransa, inda ake tatsar mai daga furenta don haɗa turare. Tana son busasshiyar ƙasa mai tsakuwa da sanyin hunturu. A Kaduna, inda ruwan shekara kan haura milimita 1,000 kuma kusan dukkansa ya sauka tsakanin Mayu da Oktoba, saiwarta kan ruɓe cikin laima da zafi. Saboda haka turaren ya zauna, shukar ba ta zauna ba, kuma wannan bambanci shi ne ya ratsa tarihin kayan ƙamshi a ƙasar nan baki ɗaya: akwai waɗanda ake saye, akwai waɗanda ƙasa ta yarda da su.

Idan aka duba tukunyar miya da kyau, za a tarar da kaya na zamani daban-daban a cikinta. Mafi daɗewa su ne na gida, watau daddawa da ake yi da kalwar ɗorawa, da kuka, da yakuwa, da ɗoɗɗoya wadda kan fito a bayan ɗaki ko ba a shuka ta ba. Kimba da masoro daga kurmi fatake suke kawo su, tare da goro. Sa'an nan ga waɗanda suka ƙetaro Sahara, kuma sunayensu kawai sun isa shaida, domin albasa da na'a-na'a da hulba da kanumfari duk kalmomin Larabci ne da bakin Bahaushe ya gyara. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa kanumfari da jawul da man wardi cikin hajar da ake shigowa da ita daga arewa. Kanumfari dai asalinsa tsibiran Maluku ne, a Indunusiya ta yau, don haka sai mai karatu ya kwatanta yawan hannuwan da ƙwaya guda ta bi kafin ta faɗa cikin furar Bakano. Abin mamaki shi ne barkono, wanda ake ɗauka tamkar da shi aka halicci miya, baƙo ne na baya-bayan nan, domin daga nahiyar Amurka ya fito, kuma bai iso Afirka ba sai bayan 1492.

A cikin baƙin nan, waɗanda suka yi saiwa sun yi ta ne a lambu. Aikin lambu na rani ne, a fadama ko bakin kogi, inda ake yanka ƙasa fangali-fangali, a ɗebo ruwa da jigo, wato doguwar sanda mai guga a kai ɗaya da dunƙulen laka a ɗaya kan. Da wannan dabara aka riƙa noman albasa da tafarnuwa da alkama a ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato. Wanda ya fara tattara sunayen tsirran nan a rubuce na boko da kyau shi ne likita J. M. Dalziel, a littafinsa na 1916, kuma haƙiƙa abin takaici ne a ce ɗalibi a yau sai ya koma ga wannan littafi kafin ya tabbatar da sunan ganyen da kakarsa ta sani da ka.

Kaduna kuwa ba ta gaji tsohon lambu irin na Kano ba, don gari ne na soja da ma'aikata, wanda ya zama hedkwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru. Turawa sun yi nasu lambun gwamnati a bakin kogi, wurin da ake kira Ƙofar Gamji, amma na shan iska ne. Lambun miya talakawa baƙi ne suka kafa shi a gaɓar kogin da rafukan da ke shiga cikinsa, mata kuma suka riƙa dasa zogale da ɗoɗɗoya da lalle a tsakar gida a unguwanni irin su Tudun Wada da Unguwar Sanusi. Daga shekarun 1980 injin ban ruwa ya ture jigo, amfani ya ƙaru. Sai dai a daidai lokacin ne gari ya riƙa cin fadama da gine-gine, tsakar gida ta koma ɗakunan haya da siminti, dunƙulen Maggi kuma ya rage wa daddawa daraja a tukunya. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar fili a bakin kogi da wuya ya ɗauka cewa lambu ya kashe.

Citta kuwa ta zama babbar haja. Ita ma 'yar Asiya ce, amma ƙasar Kaciya da Kwoi da Kafancan ta karɓe ta, har aka fara fitar da ita waje tun ƙarshen shekarun 1920. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta cinye mafi yawan gonakinta a kudancin Kaduna, manoma suka rasa har irin shuka, kuma tsadar ta biyo hanya ta iske mai dama kunu da mai dafa shayi a Unguwar Sanusi.