Fanshon Tsofaffi a Birtaniya: A Ba Kowa, ko A Leƙa Aljihu Tukuna?

A watan Janairun 1909 tsofaffi suka fara yin layi a gidajen waya na Birtaniya don karɓar sule biyar duk mako. Wannan ne fansho na farko da gwamnatin ƙasar ta biya daga kuɗin haraji, ba tare da mutum ya taɓa zuba ko kwabo ba. Amma fa ba kowane tsoho ke samu ba. Sai ka cika shekara 70, sai kuma an auna samunka. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce fam 21 ba, shi ke karɓar sule biyar cif. Daga nan ana ragewa kaɗan-kaɗan, in samu ya haura fam 31 da sule 10, babu ko sisi. Har hali ake dubawa: wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, ko aka san shi da ƙin aiki alhali lafiyarsa ƙalau, ba ya cikin lissafi.

Shekarun ma tabbatar da su aiki ne. A tsibirin Ayalan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Birtaniya, sai a 1864 aka fara rajistar haihuwa ta kowa da kowa, don haka jami'ai kan tambayi tsoho ko yana tuna daren babbar guguwar Janairun 1839. Duk mai kakar da ke lissafa shekarunta da zamanin sarki wane zai gane wannan dabara.

Tun kafin dokar ana jayayya. Charles Booth, wanda ya shafe shekaru yana binciken talauci a Landan, ya so a ba kowane tsoho ba tare da tambaya ba. Masu riƙe da baitulmali suka ce kuɗin ya yi yawa, su suka yi rinjaye.

Abin da ya ɓata sunan binciken samu a idon talakan Birtaniya ya faru ne daga 1931, kuma kan marasa aikin yi ya faɗa. Jami'i zai zo gida ya lissafa abin da kowa ke samu, har albashin ɗa ko 'ya, ya cire daga tallafin uba. Samari da dama suka bar gidan iyayensu don kada a yanke. Da wannan ɗacin a bakin jama'a William Beveridge ya fitar da rahotonsa a 1942. Tsarinsa: kowa ya riƙa zuba kaɗan duk mako yana aiki, in ya tsufa ya karɓa a matsayin haƙƙinsa, ba wanda zai leƙa masa aljihu.

Hujjarsa ta lissafi ce, bari mu gwada da misali. A ce gwamnati ta yi alkawarin cika wa kowane tsoho samunsa ya kai fam 200 a mako. Ga maƙwabta biyu, kowanne fanshonsa fam 160. Ɗaya ya yi shekaru yana tsimi, ajiyarsa na ba shi ƙarin fam 30 a mako. Ɗayan bai ajiye komai ba. Na farko za a cika masa da fam 10, na biyu da fam 40. Kun ga duka sun tashi da 200. Wato tsimin nan gwamnati ya yi wa, kamar an ɗora masa harajin ɗari bisa ɗari. Attajiri kuwa wannan bai dame shi ba, don ya yi nisa da layin. Mai ɗan abin hannu shi ke shan dukan.

Dokar 1946 ta bi Beveridge, fansho ya zama sule 26 a mako. Sai dai kuɗin bai isa ba, musamman ga mai biyan haya, dole aka bar ƙofar tallafi mai bincike a buɗe tun 1948. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta daina ƙara fansho daidai da hauhawar albashi, ta ɗaure shi da farashin kaya kawai. A hankali fansho ya riƙa ƙanƙancewa in an gwada da abin da ma'aikata ke samu, masu dogaro da cikon suka ƙaru. A 2003 aka kawo cikon da ake kira Pension Credit. Bayan shekara biyu hukumar da Adair Turner ya jagoranta ta yi gargaɗi cewa in aka ci gaba a haka, binciken zai mamaye yawancin tsofaffi, ya kashe wa mutane gwiwar ajiya. Daga nan aka juya akala: tun 2011 fansho na ƙaruwa da wanda ya fi girma cikin uku, albashi, farashi, ko kashi 2.5.

To, masu son a dawo da binciken ba shirme suke faɗa ba. Fanshon gwamnati na cin fiye da fam biliyan 100 a shekara, tsofaffi na ƙara yawa, kuma matashin da ko gidan kansa ba shi da shi ne ke biya wa miloniya. Ostireliya na auna samu da kadara kafin ta biya, tsarinta kuma na tafiya. Maƙwabciyarta Niyu Zilan kowa take ba.

Abin da ya fi ja min hankali a tarihin nan shi ne waɗanda binciken ke tsallakewa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin da suka cancanci Pension Credit ba sa nema. Wasu ba su sani ba, wasu fom ɗin ya fi ƙarfinsu, wasu kunya ce, gara su kwana cikin sanyi da a ce sun yi roƙo. Wani ɓangare na rarar da ake cewa binciken na kawowa, daga aljihun waɗannan yake fitowa. Miloniyan kuwa akwai hanya mai sauƙi ta kama shi, tunda fansho na cikin abin da ake cire wa haraji.

An ga haka ƙarara a Yulin 2024, lokacin da ministar kuɗi Rachel Reeves ta taƙaita tallafin ɗumama gida na hunturu, fam 200 zuwa 300, ga masu karɓar ciko irin Pension Credit kaɗai. Tsofaffi kusan miliyan 10 suka rasa, har da wanda samunsa ya ɗara layin da 'yan fam kaɗan, da wanda ya cancanta amma bai taɓa cike fom ba. Ba a cika shekara ba gwamnati ta janye. A Yunin 2025 ta mayar da kuɗin ga duk tsohon da samunsa bai wuce fam 35,000 a shekara ba, wanda ya haura kuma a karɓe ta hanyar haraji.