Ciwon diddige da idon sawu: Musabbabinsa da matsayin jinyar hannu ta ostiyofati

Ciwon diddige da na idon sawu suna cikin larurorin da jama'a suka fi rainawa, saboda ba sa kwantar da mutum nan take. Amma a ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙafa ita ce jarin talaka. Dillalin da ke wuni a tsaye a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, da manomin riɗi mai tafiya cikin jigawa, da malamin makaranta a gaban allo, duk da ƙafa suke nema wa iyali abinci.

Ƙafar mutum, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26, kuma ciwon da ake ji a wurin ba iri ɗaya ba ne.

Wanda ya fi yawa a diddige shi ne na wani tantani mai kauri da ya shimfiɗu a tafin ƙafa, daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu. Aikinsa shi ne riƙe lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsirkiya ke riƙe baka. Idan nauyi ya yi masa yawa, sai ya riƙa samun ƙananan raunuka daidai inda ya manne da ƙashi. Alamarsa sananniya ce: mutum ya sauko daga gado da asuba zai yi alwala, takun farko ya ji kamar ya taka ƙusa. Bayan ya ɗan zagaya sai zafin ya lafa, ya sake dawowa idan ya daɗe a zaune ya miƙe. Ƙiba, da doguwar tsayuwa a kan siminti, da silifas marar tudu, da taurin naman sha-raɓa, su ne kan gaba wajen jawo shi. An fi ganinsa tsakanin shekara 40 zuwa 60.

Sau da yawa hoton ƙashi yakan nuna ɗan tsiro a ƙarƙashin diddige, sai hankalin majinyaci ya tashi. Mutane da dama suna da wannan tsiro ba tare da wani ciwo ba, don haka ganinsa kaɗai bai isa hujjar tiyata ba.

Idan zafin a bayan diddige yake, to galibi agara ce. A nan akwai abin lura: maganin nan Ciprofloxacin, wanda ake yawan saye a kemis da sunan maganin taifot, an tabbatar yana iya raunana agara har ta tsinke, musamman ga dattawa. Wanda agararsa ta fara ciwo yana cikin shan sa, ya gaggauta komawa wurin likita.

A idon sawu kuwa, targaɗe ne ya fi yawa, inda ƙafa ke turguɗewa ta ciki, jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar ta waje su ja ko su yage. Saukowa daga babur da gudu cikin rairayi sukan haddasa shi. Sai kuma cututtukan da tushensu ba a ƙafar yake ba: amosanin gaɓɓai, da cutar gawut da ke zuwa farat ɗaya cikin dare da kumburi da zafi, da ciwon suga mai kashe jijiyoyin ji, da gyambon da masu amosanin jini kan samu a gefen idon sawu. Kumburin ƙafa biyu a tare yakan nuna matsalar zuciya ko ƙoda ko hanta, kuma tausa ba ta maganinsa.

Ostiyofati hanya ce ta jinya da hannu, wadda wani likita Ba'amurke, Andrew Taylor Still, ya fito da ita a shekarar 1874, shekara goma bayan sanƙarau ya kashe yara uku a gidansa. Ya buɗe makarantarta ta farko a Kirksville da ke jihar Missouri a 1892. Tunaninsa shi ne jiki a haɗe yake, kuma tauri a wata gaɓa yakan jawo ciwo a wata. Shi ya sa mai wannan sana'a ba ya tsayawa a diddige: zai duba tafiyar majinyaci, da gwiwa, da ƙugu, sannan ya sassauta naman sha-raɓa, ya motsa gaɓar idon sawu a hankali, ya koya masa motsin da zai riƙa yi a gida. Birtaniya ta yi wa sana'ar doka a 1993. A Najeriya tana cikin sana'o'in da hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, take yi wa rajista tare da likitocin gashin ƙashi.

Gaskiyar magana, shaidar amfanin ostiyofati ta fi ƙarfi a kan ciwon baya. A diddige, abin da aka fi amincewa da shi shi ne miƙe tantanin da naman sha-raɓa kullum, da sa takalmi mai laushin ciki, da rage nauyi. Tausar hannu ƙari ce mai sauƙaƙa zafi na ɗan lokaci. Mafi yawan masu ciwon suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Kuma da yake masu ostiyofati ƙalilan ne a ƙasar nan, likitan gashin ƙashi ne ke yin kusan wannan aiki a manyan asibitocin Dutse da Kano.

A karkara, wanda aka fi sani da jinyar hannu shi ne mai ɗori, sana'ar da aka fi gada daga iyaye. Yana kusa, yana da sauƙin kuɗi, mutane sun yarda da shi. Haɗarin yana wurin jan ƙafar da ba a san ko targaɗe ba ne ko karaya, da kuma ɗaurin kara mai tsanani da ke tare jini. Ƙafar da jini ya daina kai wa takan ruɓe, har ta kai ga yankewa. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko suka mutu, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti.

Likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada sun fitar da wani ma'auni a 1992 wanda kowa zai iya riƙewa. Wanda ya turguɗe ya kasa yin taku huɗu, ko ya ji zafi idan an danna ƙashin idon sawun kansa, yana buƙatar hoton ƙashi kafin kowa ya ja ƙafar. Ana farawa daga Babban Asibitin Gumel, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura shi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Mai ciwon suga kuwa, kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi, domin yana iya ƙonewa bai ji ba.