Tsarin Biyan Kuɗin Hidima da Jin Zafin Farashi

Kamfanonin da ke sayar da hidima, kamar na waya, intanet da lantarki, kan ba mai saye zaɓi biyu: ko ya biya kuɗi tsayayye kowane wata, ko ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Masana tattalin arziki sun lura cewa tsarin da mutum ya zaɓa shi ke ƙayyade yadda zai ji zafin farashi.

Mai biya gwargwadon amfani yana ganin kuɗinsa na raguwa a gabansa. Shi ya sa mai mitar lantarki ta kati ba ya mantawa da kashe fanka idan zai fita, kuma da zarar farashi ya tashi sai ya rage amfani. Mai biyan kuɗin wata kuwa ya riga ya biya, don haka duk wani ƙarin amfani kyauta ne a idonsa. A Disambar 1996, da kamfanin intanet na AOL a Amurka ya koma karɓar dala 19.95 a wata ba tare da iyaka ba, amfani ya ƙaru har layukansa suka cunkushe.

Mutane da dama sun fi son kuɗi tsayayye ko da zai fi tsada. A 2006, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier sun binciki wuraren motsa jiki a Amurka. Sun gano cewa masu biyan fiye da dala 70 a wata suna zuwa kimanin sau 4, wato fiye da dala 17 a kowane zuwa, alhali akwai tikitin dala 10. A shekarar, Anja Lambrecht da Bernd Skiera sun bayyana dalilan: tsoron lissafin ba-zata, ƙin kallon kuɗi na zurarewa kamar mitar tasi, da zaton za a yi amfani fiye da yadda ake yi.

A Najeriya, inda yawancin masu waya ke sayen kati kafin su kira, mai saye yana lissafin kowace naira. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran kamfanoni sun bi sahu. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke sayen data ta wata zai gane ko tsarin ya dace da shi idan ya duba yawan abin da ke saura a ƙarshen wata.