DAGA WASAN YARA ZUWA KATSE LAYIN ƘASA: TARIHIN HARIN CUNKOSO



A Maruda, kamar yadda yake a Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi, da wuya a wuce majalisar matasa da daddare ba a ga waɗanda suka duƙufa a kan Free Fire ko PUBG ba. Da wasa ya tsaya cak, sai a ji ana cewa "netwok ya ja". Mun saba tattara kowace matsala a cikin wannan magana, alhali abubuwa ne daban-daban, kuma ɗaya daga cikinsu yana da tarihin da ya taɓa Afirka ta Yamma kai tsaye.

Wasan da ake yi da mutanen nesa yana gudana ne a kan wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda galibi ba a ƙasarmu take ba. Duk danna maɓalli sai saƙonsa ya bi eriya, ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya isa sabar, sannan amsa ta dawo. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka nisa kaɗai yana jawo jinkiri. Idan waya ta tsinke kuwa, abin ya fi muni. Haka aka gani ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar tekun Abijan, intanet da ayyukan bankuna suka yi tsaiko a Najeriya. Wannan haɗari ne, ba hannun maƙiyi ba.

Harin cunkoso kuwa, wanda masana ke kira DDoS, da gangan ake yin sa. Misalinsa kamar a turo mutum dubu su cika teburin mai shayi, kowa na tambayar farashi, babu mai saye, har mai saye na gaskiya ya rasa hanyar isa. Maharin yana kame dubban na'urori ba da sanin masu su ba, ya umarce su su yi wa saba ɗaya ruwan saƙonni har ta kasa amsawa.

Ranar Kirsimeti ta 2014 wani gungu mai suna Lizard Squad ya durƙusar da PlayStation Network da Xbox Live ta wannan hanya. Amma babban abin ya zo ne a 2016. Wasu matasa uku a Amurka, Paras Jha da Josiah White da Dalton Norman, suka ƙirƙiri wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Tana kutsawa cikin kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet waɗanda masu su ba su sauya lambar sirrin da kamfani ya sa musu ba. Tushen abin kasuwancin sabar wasan Minecraft ne: idan aka jiƙa wa sabar abokin hamayya aiki, 'yan wasa sai su gudu su koma wata, kuɗi su bi su.

A ƙarshen Satumban 2016 aka saki rubutun manhajar a fili, kowa ya iya ɗauka. Ranar 21 ga Oktoba aka kai wa kamfanin Dyn hari da ita, Twitter da Netflix suka gagari jama'a da dama a Amurka. Ta kuma iso yankinmu. Wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, wanda wani babban ma'aikacin kamfanin Cellcom ya ɗauka haya, ya yi amfani da wani nau'in Mirai a kan kamfanin waya na Lonestar a Laberiya. A watan Nuwamban 2016 harin ya yi tsanani har intanet ta riƙa ɗaukewa a ƙasar. Masu Mirai sun amsa laifinsu a Disamban 2017, shi kuma Kaye wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas a Janairun 2019.

Makamin da aka ƙera saboda rigimar wasa ya ƙare yana yanke wa talakan Laberiya hanyar sadarwa. Layin da matashi ke wasa a kai shi ne mai POS ke cin abinci da shi, shi ne ɗalibi ke rajistar JAMB da shi.

Ga mu masu son rubutu, akwai aiki a nan. Mun fito daga ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda aka san a tantance magana kafin a sa ta a takarda. Idan za mu saka ɗaukewar netwok a labari ko maƙala, mu san wanne muke nufi: nisa ne, waya ce ta tsinke, hukuma ce ta rufe layi kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, ko kuwa hari ne? Kowanne da mai laifinsa, kowanne da labarinsa. Kafin mako mai zuwa, kowa ya gwada bayyana harin cunkoso cikin jimla uku da misalin da kakarsa za ta gane.

Allah ya ƙara mana basira, amin.