Höfner 500/1

Höfner 500/1 jitar bas ce ta lantarki mai tsirkiya huɗu, wadda kamfanin Höfner na Jamus ya fito da ita a 1956. Cikinta fanko ne kamar ƙoƙon gurmi, shi ya sa makaɗi ke wuni rataye da ita kafaɗa ba ta yi tsami ba. Tsawon tsirkiyarta inci 30 ne, na jitar bas ta Fender Precision kuwa 34, don haka mai gajerun yatsu ba ya wahala. Aibinta dai, in aka ƙure lasifika takan yi kuwwa.

Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙa ta The Beatles, bahago, ya sayi tasa a Hamburg a 1961. An sace ta daga mota a Landan a 1972. Sai a 2024 aka sanar cewa ta koma hannunsa.